Tsaron Mota Daga Takardar Zane Yake Farawa



A watan Disamba na shekarar 1986, wani alƙali mai suna K.O. Anyah ya sauka a otal ɗin Imo Concorde da ke Owerri, cikin motarsa ƙirar Peugeot 505. A bakin ƙofa masu gadi suka miƙa masa ɗan faifan roba mai lamba, irin wanda ake ba duk wanda ya shigo da mota. Ya nemi wuri ya yi fakin, ya kulle, ya shige ɗaki ya kwanta. Gari na wayewa, faifai na hannunsa, makulli na aljihunsa, mota kuwa ta ce ɗauke ni inda ka ajiye. Ya maka otal a kotu. Babbar kotun jiha ta ba shi gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, aka yi ta fafatawa har Kotun Ƙoli, wadda a 2002 ta ce otal ba zai biya ko kwabo ba. Hujjar ita ce bai damƙa wa kowa amanar motar ba: shi ya ajiye, shi ya kulle, shi ya tafi da makulli.

To, idan alƙali ya yi shekara 16 yana bin kadin motarsa ya tashi a tutar babu, ina ga ni da kai? Allon nan da muke gani a harabar bankuna da asibitoci da wuraren biki, mai cewa duk wanda ya ajiye mota a nan, abin da ya same ta ruwansa ne, ba ado ba ne. Mai wuri ya riga ya wanke hannunsa tun kafin ka kashe injin. Saboda haka abin da zai sa ka dawo ka tarar da motarka, ko babur ɗinka, yadda ka bar su, ya rataya ne a kan wani abu da ba mu cika magana a kansa ba, wato yadda aka tsara filin tun farko: ina aka sa ƙofa, ina aka sa fitila, ina maigadi yake zama, kuma daga inda yake zaune me idonsa ke iya gani.

Ɓarawon wurin ajiye motoci ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ɗaukar motar ɗungurugum. Akwai mai buɗe bonet ya kwance batir, ko ya zare na'urar nan da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, ko ya ɓalle madubin gefe, gobe mai motar ya je kasuwar kayan gyara ya sayo abin da wataƙila nasa ne. Akwai wanda tun daga banki yake biye da kai a kan babur, kana shiga masallaci ko kanti ya fasa gilashi ya suri jaka. Akwai kuma wanda bai damu da motar ba, mai ita yake jira, musamman mace da ta fito daga jinya ko daga biki da tsakar dare, hannu ɗaya riƙe da yaro, ɗayan yana lalubar makulli a jaka. Dukkansu buƙatarsu guda ce: 'yan mintunan da babu idon kowa a kansu, da hanyar sulalewa idan sun gama.

Yanzu ku biyo ni mu leƙa irin filin da muka saba gani a manyan shagunan da ake ta ginawa a biranenmu. Ɗakin maigadi yana manne da ƙofa, ɗan tsukuku, taga ɗaya gare shi, ita ma titi take kallo. Ma'ana, bawan Allah da aka ɗauka don ya kula da motoci, ginin da aka yi masa ya tilasta masa juya musu ƙeya. A can baya an dasa janareto, kusa da shi tankin ruwa a kan ƙarafuna, sai wata tsohuwar kwantena da aka mai da sito. Tsakanin kwantenar da katanga akwai lungun da mutum biyu za su tsuguna su yi hira ba a san da su ba. Fitila guda ce, babba, a saman ƙofa, tana haske wa mai shigowa ido, bayan motoci kuma duhu ƙirin. Ba layi a ƙasa, kowa ya cusa motarsa inda ya samu, wannan a karkace, wancan ya tare wancan. Katanga doguwa ce, an yi mata rawani da waya mai ƙaya, mai gini yana alfahari da ita. Amma ka zagaya baya, za ka ga inda ma'aikatan shagunan suka cire bulo uku don su riƙa yanke hanya zuwa wurin mai abinci. An kashe kuɗi a wannan wuri, ba a ce ba a kashe ba. Sai dai kusan duk abin da ɓarawo ke nema an tanadar masa.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1961 wata marubuciya a Amurka, Jane Jacobs, ta nuna cewa titin da ke da masu shaguna da masu zaman ƙofar gida ya fi aminci a kan titin da aka share fes babu kowa. A 1971 wani masanin laifuka, C. Ray Jeffery, ya fitar da littafin da ya raɗa wa fannin suna, wato hana laifi ta hanyar tsarin muhalli. Shekara guda bayan haka mai zanen gine-gine Oscar Newman ya kwatanta gidajen gwamnati na birnin New York, ya ga cewa matakala da lif da lungunan da ba na kowa ba, kuma ba mai ganinsu, nan ne ɓarna ta fi yawa. Mu kuwa wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Gidan Bahaushe na da ƙofa ɗaya gare shi, kuma sai ka ratsa zaure. A zauren nan ba a rasa mutum: maigida, ko mai ɗinkin hula, ko almajirai da allunansu. Ba wanda aka ɗauka aikin gadi a cikinsu, amma ba mai wucewa cikin gida ba a gan shi ba, ba mai fitowa da ƙunshi a hammata ba a tambaye shi ba.

Akwai wani misali daga Ingila da nake so mu tsaya a kansa. A garin Dover da ke bakin teku, hukumar gari tana da benen ajiye motoci mai hawa da yawa, wanda sata da ɓarna suka addabe shi. Da aka duba, sai aka ga hawan ƙasa yana da manyan giɓɓa tsakanin gajeren bango da rufi, matasa suna tsallakowa ta nan ba tare da sun bi ta ƙofa ba. Hukumar ta toshe giɓɓan da ragar ƙarfe, wadda iska da haske ke ratsawa amma mutum ba ya ratsawa. Ƙofar masu tafiya a ƙasa aka sa mata ƙyauren da ke rufe kansa, wanda ake fita ta cikinsa amma ba a shigowa. Aka ƙara haske a mashiga. Sannan aka yi abin da ya fi burge ni: aka gina ɗan ofis a daidai bakin babbar ƙofa, aka ba wani kamfanin tasi haya, mai aiki dare da rana. Wani mai bincike, Barry Poyner, ya bi alƙaluman kafin gyaran da bayansa, ya wallafa a 1991. Satar mota sukutum ta faɗi ƙwarai. Satar kayan cikin mota kuwa ba ta ragu haka ba, kuma dalilin a fili yake: wanda zai fita da mota dole ya bi ta gaban direbobin tasi, wanda ya saci rediyo kuwa yana iya cusa ta cikin riga.

Ku lura, hukumar ba ta biya direbobin nan albashin gadi ba, hasali ma kuɗin haya take karɓa a hannunsu. Sana'arsu kawai suke yi, amma a inda ya dace.

Wannan ne ya kawo ni ga mai shayi. A nan ƙasar, da zarar an ce za a tsaurara tsaro a wani wuri, abin da ake fara yi shi ne korar mai shayi, da mai faci, da mai wankin mota, da mai sayar da kati. Wuri ya yi tsaf, ya yi tsit, manaja ya ji daɗi. Ƙarfe goma na dare kuma ba kowa sai maigadi ɗaya da ke gyangyaɗi a ɗakin nan mai kallon titi. Alhali mai shayin da ya shekara goma a wannan kusurwa ya san motar kowa, ya san direban kowa, ya san wane yaro ne na unguwa, wane ne yau ya fara ganinsa yana zagaya Corolla yana waya. Na san abin da wani zai ce: ai cikin irin waɗannan mutane ake samun masu tsegunta wa ɓarayi. Ana samu. Maganin shi ne a san su, a rubuta sunansu, a ba kowa wurin zama tabbatacce mai fuskantar motoci, ya zama yana da abin da zai rasa idan aka yi ɓarna. Da bambanci tsakanin tururuwar 'yan talla da ke yawo tsakanin motoci ba a san daga inda suka fito ba, da mutum uku sanannu da abincinsu ya dogara da zaman lafiyar wurin. Masu gadin babura a kasuwanninmu sun fahimci haka da kansu: ƙofa ɗaya, katako biyu masu lamba ɗaya, a ɗaura guda a kan babur a ba ka guda, yaron da ke gadin kuma yana zaune a mafita, bai san hutu ba.

Sai batun katanga, kuma a nan na san zan saɓa wa da yawa. Doguwar katangar bulo tana da amfani a gida, inda akwai iyali da ake son suturtawa. A filin ajiye motoci kuwa, ɓarawon da ya samu ya shiga, ta ƙofa ko ta sama, katangar ta zama tasa. Ta kare shi daga idon mai wucewa, da ɗan Adaidaita Sahu da ke jiran fasinja, da motar sintiri. Gajeren gini iya gwiwa, a ɗora masa dogayen sandunan ƙarfe, yana hana tsallake kamar yadda bulo ke hanawa, kuma na waje yana ganin na ciki. Haka nan shuke-shuke. Mu da ke cikin zafin da mota ke zama tanda kafin azahar, ba mai cewa a sare darbejiya. A dai sassabe rassanta na ƙasa har su wuce tsayin mutum, furannin ado kuma kada su wuce ƙugu, yadda ido zai ratsa tsakani. Layukan fakin su zama miƙaƙƙu, suna fuskantar inda maigadi yake, yadda zai jefa ido ɗaya ya ga har ƙarshen layi. A ɗaga ɗakinsa a kan dakali, a fasa masa tagogi ta kowane ɓangare.

Haske ma ba yawansa ne abin nema ba, daidaituwarsa ce. Ƙatuwar fitila ɗaya tana kashe ido, ta kuma jefa inuwa baƙa wuluk tsakanin motoci, wanda ya tsuguna a nan ya fi ɓoyuwa a kan a ce babu fitilar gaba ɗaya. Gara ƙanana da yawa a warwatse, yadda za ka gane fuskar mutum tun yana nesa da kai. Tunda kuma ba a rantsuwa da wutar lantarki a ƙasar nan, fitilun sola sun zama dole, da sharaɗin a ɗaure batir ɗinsu can sama, don su ma ɓarayi ba su bar su ba. A benaye da ƙarƙashin ƙasa, farin fenti a bango da rufi kawai yana ƙara amfanin fitilar da ake da ita.

To kyamarar tsaro fa, wadda kowane mai gini yanzu yake ambata kamar ita ce ƙarshen zance? A gaskiya tana aiki, kuma a wuraren ajiye motoci ta fi yin aiki. Wasu masana biyu, Brandon Welsh da David Farrington, sun tattara bincike 44 da aka yi a kan kyamarori, mafi yawa a Birtaniya. Jimilla laifuka sun ragu da kashi 16 cikin ɗari, amma a filayen motoci ragin ya kai kashi 51. Da aka sake bitar a 2019 da ƙarin bincike, na filayen motoci ya tsaya a kashi 37, har yanzu shi ne kan gaba. A Jami'ar Surrey ma, Poyner ya ga cewa hatta wani filin da kyamarar ba ta hango shi, sata ta ragu a cikinsa, don ɓarayi ba su san iyakar ganinta ba. Sai dai akwai abin da masu tallar kyamara ba sa faɗa. A filayen da aka samu wannan nasara, kyamarar ba ita kaɗai aka sa ba, an haɗa ta da gyaran haske da ma'aikata a ƙasa. Bitar 2019 ta kuma nuna cewa kyamarar da ake zaune ana kallo ita ce ke rage laifi, wadda ke naɗa kawai a ajiye ba ta taɓuka abin kirki. Mu kuma mun ga namu darasin: a 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na China kwangilar dala miliyan 470 don tsarin sadarwar tsaro da ya haɗa da kyamarori a Abuja da Legas, aka kafa turaku a tituna, daga bisani Majalisar Wakilai ta zauna tana binciken dalilin da ya sa ba sa aiki. Kyamarar da za ta nuna maka gobe yadda aka tafi da motarka jiya, cikin hoto dishi-dishi, ta ƙara maka takaici ne kawai.

Yanzu mu zo ƙofa, inda muka fi yin kwamacala. Ka shiga da mota, a buɗe but, a zura madubi mai sanda a ƙarƙashi, a ba ka kati. Ka zo fita, sandar tana ɗage, maigadi yana can yana sallamar wani babban mutum, ka miƙa kati ko kada ka miƙa, duk ɗaya. Binciken shiga maganin abu guda ne, binciken fita maganin wani abu ne daban. Mota ta mafita ake sace ta. Katin da ba a rubuta lambar mota a jikinsa ko a littafi ba, ba shi da wani amfani, don mutum biyu suna iya shigowa da tsohuwar akwala, su karɓi kati, ɗaya ya fita da motarka da wannan katin, ɗayan ya dawo daga baya yana rantsuwa nasa ya faɗi. Idan kuwa mashiga da mafita suna gefe da gefe a gaban ɗaki ɗaya, mutum guda ma yana iya riƙe su biyun.

Binciken shiga kuwa mun san abin da ya haifar da shi, Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, kada Ya maimaita mana. Amma ko a wannan babi mai ɗaci, tsarin wuri ya raba tsakanin asara da babbar asara. Ranar 16 ga Yuni 2011 wata mota ɗauke da bam ta biyo ayarin Sufeto Janar Hafiz Ringim zuwa hedikwatar 'yan sanda a Abuja. Wani jami'in kula da zirga-zirga ya karkatar da ita zuwa filin ajiye motoci, a can ta tashi. Jami'in ya rasa ransa, motoci da dama sun ƙone, amma babban ginin da ke cike da mutane ya tsaya. Ranar 26 ga Agusta na wannan shekarar, wata motar ta ɓalle shinge biyu a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta isa har gindin bene, sama da mutum 20 suka rasu. Tazarar da ke tsakanin mota da taron mutane ita ce bambancin. Amurkawa sun koyi haka tun 26 ga Fabrairu 1993, ranar da aka tayar da bam cikin wata motar da aka ajiye a ƙarƙashin Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York, mutum shida suka mutu, sama da dubu suka jikkata.

A tashoshin mota abin ya fi tsanani, don a can mota da mutum a cakuɗe suke. Bam ya tashi a tashar New Road da ke Sabon Gari a Kano, ranar 18 ga Maris 2013. Haka ma tashar Nyanya a gefen Abuja, ranar 14 ga Afrilu 2014, inda sama da mutum 70 suka rasu da sanyin safiya suna shirin tafiya aiki. Har yau ka shiga tashoshinmu da yawa, motar da ta kawo fasinja tana iya kutsawa har tsakiyar masu jira. Turakun kankare 'yan kaɗan da za su raba wurin sauke mutane, da wurin lodi, da rumfar jira, ba su fi ƙarfin 'yan yuniyon da ke karɓar kuɗin lodi kowace safiya ba.

A nan akwai wata sarƙaƙiya da ya kamata a faɗa. Maganin sata yana son ƙofa ɗaya, ranar firgici kuma ƙofa ɗaya ita ce ke haddasa turmutsitsi. Warwarar ita ce a raba: motoci su bi ta ƙofa guda, mutane kuma a yi musu ƙananan ƙofofi da yawa, masu buɗewa daga ciki zuwa waje kawai, kamar waccan ta Dover. Abin da na sha gani shi ne an yi ƙofar, amma an garƙame ta da kwaɗo, makullin yana wurin wani da ya tafi ƙauye.

Kada kuma maganar ɓarayi ta mantar da mu cewa motar kanta tana kisa a filin fakin. Yaro ɗan shekara uku bai kai tsayin but ba, direban da ke ja da baya ba ya ganinsa. Ku tuna lokacin tashi daga makarantar firamare, ko bayan sallame sallar Idi, yadda yara ke tsere tsakanin motocin da kowacce ke neman fita a lokaci guda. Hanya ta zama mai tafiya gefe ɗaya, a ware wa masu ƙafa tasu da dakali, a kuma saba wa mutane shiga fakin da baya don su fito da gaba suna ganin abin da ke gabansu. A Birtaniya ma'aunin da aka saba ba mota ɗaya shi ne faɗin mita 2.4 da tsawon mita 4.8, da hanyar mita 6 tsakanin layi da layi. Idan aka matse wannan don a cusa ƙarin mota biyar, ranar da wuta ta tashi motar kashe gobara a titi za ta tsaya. Gobara a irin wannan wuri kuwa ba wasa ba ce. Da yammacin 31 ga Disamba 2017 wuta ta tashi daga mota ɗaya a wani bene a Liverpool ta cinye sama da mota dubu. A Oktoban 2023 aka maimaita a filin jirgin saman Luton, har wani sashe na benen ya rufta. Duka biyun babu bututun yayyafa ruwa a rufinsu. Mu kuma yanzu muka fara gina wuraren fakin a ƙarƙashin ƙasa, kuma can ne muke kai janareto da tankin dizal, gefe da motoci cike da fetur, da matakala guda ɗaya.

Jamusawa tun 1990 suka fara ware wa mata wuraren fakin kusa da ƙofa, inda haske ya fi yawa kuma ma'aikata ke gani. An yi ta muhawara a kai, har birnin Seoul na Koriya ta Kudu, wanda ya kwaikwayi tsarin, ya mai da nasa na iyali a 2023. Ni dai ban ga abin musu ba a asibitocinmu, inda layin da ya fi kusa da ƙofa manya ne suka mallake shi da allon suna, su kuma tun la'asar sun tashi, mai jinyar dare kuma an tura ta can bayan ɗakin ajiye gawa.

Wa zai sa a yi duk wannan, tunda kotu ta ce mai wuri ba shi da laifi? A Birtaniya 'yan sanda ne suka fara, a 1992, da wani tsari na duba wuraren ajiye motoci, wanda tun 2004 ake kira Park Mark. Jami'in da aka horar zai zo ya duba haske, da shinge, da tsafta, da yadda ake kula da wurin, in ya gamsu a ba da tambarin da za a kafa a ƙofa, a kuma dawo a sake dubawa. Direba na ganin tambarin ya san inda zai kai motarsa, mai wurin da ba shi da shi kuma ya ga ciniki na wuce shi. Ba abin da zai hana rundunar 'yan sandan jiha ta yi irin wannan tare da kamfanonin inshora, waɗanda su ne ke biyan kuɗin motocin da aka sace. Hukumomin da ke sa hannu a takardar gini, irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, su ma suna da dama tun gini yana kan takarda, lokacin da matsar da ɗakin maigadi bai wuce gogewa da sake zanawa ba. Tambayar kada ta tsaya a kan mota nawa filin zai ci. A tambayi ina fitilu, ina hanyar masu ƙafa, ina motar kashe gobara za ta juya. A kuma dawo bayan shekara biyu a ga ko filin yana nan, don mun san halinmu: abin da aka zana a matsayin wurin fakin, kafin a ankara ya zama jerin shaguna, motocin kuma sun koma bakin titi suna faɗa da jami'an hanya irin 'yan KAROTA.

Kafin hukuma ta motsa, ga aikin da kwamitin masallaci, ko shugabannin kasuwa, ko hukumar makaranta za su iya yi a daren yau ba tare da kashe ko sisi ba. Bayan sallar isha'i, mutum biyu su je filin. Ɗaya ya zauna a kujerar maigadi, kada ya tashi. Ɗayan ya zagaya, ya tsuguna a bayan kowace mota, ya shiga bayan janareto, ya bi jikin katanga yana laluba. Duk inda na zaune ya daina ganinsa, a yi alama da gawayi. Da safe a kira magini da mai gyaran wuta a nuna musu.